Tengiz Abuladze: yadda aka yi fim ɗin tone kabari a ƙarƙashin mulkin Sobiyat

"Malam, barka da aiki. Ni matashi ne mai koyon rubuta labarin fim. Kwanakin baya wani abokina ya tura mini wani tsohon fim na ƙasar Jojiya mai suna Monanieba, wato tuba, inda wata mata take ta tone gawar wani shugaba. An ce a zamanin Tarayyar Sobiyat aka yi shi, kuma da kuɗin gwamnati. Abin ya ɗaure mini kai. Wane ne wannan darakta, Tengiz Abuladze? Ta yaya aka bar shi ya yi irin wannan fim a ƙasar da ko tari mutum ya yi sai an kai rahoto? Jarumta ce, ko wayo ne, ko kuwa yana da uwa a gindin murhu?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a ƙulli ɗaya: wane ne mutumin, kuma ta wace ƙofa fim ɗin ya fito. Ka ajiye mini amsoshi uku ka ce in zaɓa, to duka ukun suna ciki, kuma zan nuna maka gurbin kowace. Sai dai akwai ta huɗu da ba ka ambata ba, wadda ni a wurina ta fi sauran nauyi. Abuladze ya shafe kusan shekara talatin yana juya labari guda, labarin mutumin da jama'a suka yanke hukunci shi kuma ya ƙi cewa amin. Ya yi ta gwada shi a kan tsofaffin waƙoƙi da labaran ƙauye har hannunsa ya faɗa. Ranar da ƙofa ta ɗan buɗe, a shirye ta same shi.

Ƙasar da ya tashi a cikinta

An haifi Tengiz Abuladze ranar 31 ga Janairun 1924 a birnin Kutaisi da ke yammacin Jojiya. Jojiya ƙaramar ƙasa ce a tsaunukan Kokasas, tsakanin Rasha da Turkiyya, mai harshenta da haruffanta na kanta, kuma Kiristanci ya kafu a cikinta tun ƙarni na 4. Lokacin da aka haife shi, shekara uku ke nan da sojojin Bolshebik, wato 'yan kwaminis na Rasha, suka mamaye ta.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, Stalin kansa, shugaban Tarayyar Sobiyat, ɗan Jojiya ne, haifaffen garin Gori. Lavrenti Beria ma ɗan Jojiya ne, shi ne ya shugabanci jam'iyyar kwaminis ta Jojiya daga 1931 zuwa 1938 kafin a kira shi Mosko a damƙa masa hukumar 'yan sandan ciki. Kasancewarsu 'yan gida bai sa sun raga wa gida ba. A 1937, lokacin Abuladze yana ɗan shekara 13, aka kashe mawaƙi Titsian Tabidze, aka kashe marubuci Mikheil Javakhishvili, aka kashe daraktan wasan kwaikwayo Sandro Akhmeteli. Mawaƙi Paolo Iashvili kuwa ya harbe kansa a cikin ginin ƙungiyar marubuta. Waɗannan su ne sanannu. A bayansu akwai dubban mutanen da aka ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Duk da haka, 'yan Jojiya da yawa suna alfahari da Stalin, don ɗansu ne ya mulki daula. A Fabrairun 1956 Khrushchev, wanda ya gaje shi a mulki, ya tona wasu laifukan Stalin a wani jawabi na sirri, sai ga matasa a titunan Tbilisi, babban birnin Jojiya, a watan Maris suna zanga-zangar kare sunansa, har sojoji suka buɗe musu wuta. A 1961 aka fitar da gawar Stalin daga ginin da aka ajiye ta kusa da ta Lenin, aka binne ta cikin dare. Da Brezhnev ya hau a 1964, sai aka rufe maganar gaba ɗaya: ba yabo sosai, ba zagi, shiru kawai. Ka ga ashe gawar da ake binnewa tana dawowa a fim ɗin da ka kalla ba daga sama ta faɗo ba.

Koyon sana'a

Ya fara karatun ba da umarnin wasan daɓe a cibiyar Shota Rustaveli da ke Tbilisi daga 1943 zuwa 1946, sannan ya wuce babbar makarantar fim ta Mosko, wadda aka fi sani da VGIK. Wannan makaranta ba baƙuwa ba ce ga fim ɗin Afirka, don a cikinta Souleymane Cissé na Mali ya yi karatu, haka ma Abderrahmane Sissako na Muritaniya daga baya. A 1953, shekarar da Stalin ya mutu, Abuladze ya kama aiki a kamfanin fim na gwamnatin Jojiya.

Fim ɗin da ya fara fito da sunansa shi da abokinsa Rezo Chkheidze suka yi shi tare a 1955, Magdanas lurja, wato jakin Magdana. Wata matalauciyar bazawara ce da ke kai kindirmo birni tana sayarwa don ta ciyar da 'ya'yanta. Yaran suka tsinci jaki da wani ɗan kasuwa ya yasar a hanya yana shirin mutuwa, suka yi jinyarsa har ya miƙe. Da ya warke sai mai shi ya dawo ya kai ƙara, kotu ta ba shi jakinsa. Labarin ke nan, ba ƙari. A zamanin da fina-finan Sobiyat suka cika da jarumai masu faɗin ƙirji da taraktoci da jawabai, wannan ɗan labari ya zama kamar an buɗe taga, kuma ya ci kyauta a bikin Cannes na Faransa a 1956. Ka lura da abu biyu da za su bi shi har ƙarshen rayuwarsa: kotun da ke yanke hukuncin zalunci bisa ƙa'ida, da kuma dabarar mayar da labari zamanin da ya wuce, yadda hukuma za ta ce ai da mutanen da ake.

Ya yi wasu fina-finai bayan nan, har da na barkwanci a 1962 da ya ɗauko daga littafin Nodar Dumbadze. Ba zan tsaya a kansu ba.

Inda ya sami muryarsa

Idan da za ka ce in zaɓa maka fim ɗaya nasa ban da wanda ka kalla, Vedreba zan ce, ma'ana roƙo ko addu'a. Ya kammala shi a 1967, baƙi da fari ne, kuma daga waƙoƙin Vazha-Pshavela ya gina shi, mawaƙin tsaunuka da ya rasu a 1915. Labarai biyu ne ƙashin bayansa, kuma ina so ka saurare su da kyau, don duk abin da Abuladze zai faɗa nan gaba yana cikinsu.

A can ƙuryar tsaunuka akwai al'ummomi biyu maƙwabta da ba sa ga maciji: Khevsur, Kiristoci, da Kist, Musulmi, dangin Chechen. A labarin farko, wani jarumin Khevsur mai suna Aluda ya kashe wani Kist mai suna Mutsal a faɗa. Al'adarsu ita ce a yanke hannun daman abokin gaba a kai gida a kafe a bango. Aluda ya tsaya a kan gawar, ya tuna yadda mutumin ya yi faɗa har numfashinsa na ƙarshe, sai ya kasa yankewa. Da ya koma gida bai ɓoye ba, har ya nemi a yanka sa don ran mamacin. Dattawa suka ce ya yi saɓo, aka kore shi daga gari shi da iyalinsa cikin dusar ƙanƙara.

Labari na biyu ya juya madubin. Wani Musulmi mai suna Jokola ya haɗu da baƙo a wurin farauta, ya kai shi gidansa ya sauke shi. Mutanen gari suka gane baƙon: Zviadauri ne, Khevsur ɗin da ya kashe musu mutane, har da ɗan'uwan Jokola kansa. Suka zo kama shi. Jokola ya tare ƙofa, ya ce yau dai baƙonsa ne, kuma ba a taɓa baƙo a ƙarƙashin rufinsa. Suka fi ƙarfinsa, suka ja baƙon zuwa maƙabarta suka yanka shi a kan kabari. Matar Jokola, Aghaza, ita kaɗai ta zubar masa da hawaye.

Na sha nuna wannan fim ga matasan da nake koyar da rubutun labari, ina fassara musu da baki yana tafiya. Ban taɓa buƙatar yi musu bayanin Jokola ba. Duk wanda ya tashi yana jin ana cewa baƙonka annabinka ya san abin da mutumin nan yake karewa, ya kuma san zafin a ce naka ne suka keta maka shi. Abin da ya fi burge ni shi ne adalcin ginin: an ba Kirista labari ɗaya, an ba Musulmi ɗaya, kowane ɓangare ya fitar da mutumin kirki guda, kuma kowane ɓangare ya murƙushe nasa. Laifin ba a ɗora shi kan addinin kowa ba. Taron jama'a ne, idan ya haɗu a kan cewa wane maƙiyi ne, ba ya yafe wa wanda ya ga mutum a jikin maƙiyin.

Hukuma ba ta haramta fim ɗin kai tsaye ba, amma ta shaƙe shi ta hanyar da ta saba: aka buga kwafi kaɗan, aka nuna shi a wurare ƙalilan. Sai bayan shekaru ya ci babbar kyauta a bikin San Remo na Italiya.

Vedreba shi ne na farko a jerin fina-finai uku da suka ƙare da Monanieba. Na biyu shi ne Natvris khe, bishiyar buri, na 1976, daga labaran Giorgi Leonidze. Wannan mai launi ne, kuma yana da kyan kallo ƙwarai. Wani ƙauye ne kafin juyin juya halin Bolshebik, cike da masu mafarki da tababbu da masu wa'azi. Wata yarinya, Marita, tana son wani matalaucin saurayi, Gedia, amma dattawa suka aurar da ita ga mai hali. Da aka gane har yanzu zuciyarta tana wurin na farko, sai aka ɗora ta a kan jaki tana fuskantar baya, aka zaga gari da ita ana jifan ta da laka. Labarin auren dole ba sabo ba ne a wurinmu. Abin koyo a nan shi ne inda ya ajiye kyamararsa: ya fi daɗewa a kan fuskokin masu jifan, mutanen da ka saba da su tun farkon fim har ka yi dariya tare da su.

Ƙofar da aka bi

Yanzu ga uwar da ke gindin murhu. A tsarin Sobiyat ba wani furodusa mai zaman kansa. Hukumar fim ta tarayya da ke Mosko, Goskino, ita ke amincewa da rubutaccen labari, ita ke ba da kuɗi, ita ke karɓar fim idan an gama, ita ke ƙayyade yawan kwafin da za a buga. Fim ɗin da bai yi mata ba sai a hana nuna shi a ajiye a kan kanta, wani ya shekara ashirin a can. Da labarin Monanieba ya bi ta wannan hanya, da ko shafi ɗaya ba a ɗauka ba.

Wanda ke mulkin Jojiya a lokacin shi ne Eduard Shevardnadze, shugaban jam'iyya na jamhuriyar daga 1972 zuwa 1985. Ya karanta labarin, ya tsaya masa. Dabarar da aka yi ita ce aka shigar da aikin a matsayin fim ɗin gidan talabijin na Jojiya, wanda amincewar hukumomin Tbilisi ta wadatar masa, ba sai an kai Mosko ba. Shi ma Abuladze ba ɗan tawaye ba ne da ke ɓuya a lungu. Ɗan jam'iyya ne tun 1978, kuma a 1980 an ba shi lambar girmamawa mafi girma da ake ba masu fasaha a tarayyar. Wannan matsayi ne ya sa ake iya sauraronsa a ofishin shugaba. Ya kuma riƙe aikin kusa da gida: surukarsa Nana Janelidze tana cikin waɗanda suka rubuta labarin tare da shi da Rezo Kveselava, 'yarsa Ketevan kuma ita ta fito a matsayin Nino, mahaifiyar matar da ke tone gawar.

Ana cikin ɗauka sai masifa ta auku. A Nuwamban 1983 wasu matasa 'ya'yan manyan gidajen Tbilisi suka yi yunƙurin karkatar da jirgin sama don su tsere daga tarayyar. Abin ya ƙare da zubar da jini. Cikin waɗanda aka kama akwai Gega Kobakhidze, matashin da ke fitowa a matsayin jikan Varlam, shugaban da ake tone gawarsa. Aka yanke masa hukuncin kisa, aka zartar a 1984. Aiki ya tsaya, idon jami'an tsaro ya dawo kan fim ɗin, daga baya aka sake ɗaukar fitowar jikan da wani matashi, Merab Ninidze. Ina so ka tsaya a nan ka yi tunani. Fim ne a kan gwamnatin da ke cinye 'ya'yanta, kuma ana tsakiyar yin sa gwamnati ta harbe ɗaya daga cikin 'yan wasansa, a ƙarƙashin mulkin mutumin da ke kare fim ɗin. Duk lokacin da na zo fitowar jikan nan, Tornike, ina tuna cewa akwai wata fuskar da aka cire.

An gama fim ɗin a 1984, aka ɗora shi a kanta. Sai zamani ya juya. Gorbachev ya hau a Maris 1985, a Yuli ya ɗauko Shevardnadze ya naɗa shi ministan harkokin waje. A Mayun 1986 ƙungiyar masu shirya fim ta tarayya ta yi babban taronta, ta kayar da tsofaffin shugabanninta, ta zaɓi Elem Klimov, ta kuma kafa kwamitin da zai sauko da fina-finan da aka kulle. A ƙarshen 1986 aka fara nuna Monanieba ga 'yan kallo ƙalilan, a farkon 1987 aka sake shi ga kowa. Miliyoyin mutane suka yi layi. A Cannes a wannan shekara ya ci babbar kyautar alƙalai, wadda ke bin kambun zinare a daraja, kuma a bikin nan ne Yeelen na Souleymane Cissé ya ci tasa kyautar. A 1988 aka ba Abuladze lambar Lenin saboda fina-finan nan uku.

Zambo da habaici

Wayon da ka tambaya yana cikin ginin labarin. Mawaƙanmu sun san bambancin zambo da habaici. Mai zambo yana kama mutum ƙuru-ƙuru, ya siffanta shi yadda kowa zai gane. Mai habaici yana sakin magana a iska, wanda ya tsargu da shi ake. Abuladze habaici ya yi. Babu sunan Stalin a fim ɗin, babu sunan ƙasa, babu shekara. Azzalumin magajin wani gari ne kawai, Varlam Aravidze, kuma sunan ya samo asali daga kalmar Jojiyanci mai nufin "ba kowa". An ba shi gashin baki irin na Hitler, baƙar riga irin ta Mussolini, da tabarau mai maƙalewa a karan hanci irin na Beria. Dogarawansa suna sanye da sulken mayaƙan da, alƙalai da hular gashi irin ta Turawa, ga kuma motoci na zamani. Jami'in da zai ce wannan Stalin ne, shi ya faɗa da bakinsa.

Amma kada ka ɗauka ɓuya ce kawai. Da tsoro ne kaɗai ya sa shi yin haka, da fim ɗin ya mutu ranar da aka halatta kiran sunan Stalin. Wannan salo shi ne harshensa tun Vedreba. Kuma ya ba shi damar faɗin abin da ya fi tarihin mutum ɗaya faɗi, shi ya sa kai da ba ka taɓa taka Jojiya ba ka kalla ka ji ya taɓa ka.

Dubi yadda ya gina Varlam. Ba ya zuwa da hargagi. Yana zuwa gidan mai zane Sandro Barateli da furanni, ya yi waƙa, ya karanta baitocin Shakespeare, ya yi wasa da yarinya, ya sumbaci hannun matar gida. Sandro ya roƙe shi a fitar da na'urorin gwaje-gwajen kimiyya daga wata tsohuwar majami'a don girgizarsu tana tsattsaga ginin, Varlam ya nuna ya fahimta sarai. Bayan nan aka zo aka tafi da Sandro. Avtandil Makharadze ne ya fito a Varlam, shi ne kuma ya fito a ɗansa Abel, kuma wannan zaɓi shi kaɗai ya ɗauke wa marubuci shafi goma na bayani: fuskar uban ce a jikin ɗan da ke cewa shi bai san an yi wani laifi ba.

Akwai fitowa biyu da nake maimaita wa ɗalibai. Ta farko, a kurkuku, inda aka haɗa Sandro da tsohon abokinsa Mikheil. Mikheil ya amsa cewa shi ɗan leƙen asiri ne, an ba shi aikin haƙa rami daga Bombay zuwa Landan. Ya kuma gaya wa Sandro dabararsa: a ambaci sunayen mutane da yawa, yadda hukuma za ta ga abin ya zama shirme ta farga. Mutumin kirki ne, azaba ta juya masa hankali har yana ganin jefa wasu cikin wuta shi ne hanyar ceto. Ta biyu ita ce ta gumagumai. Labari ya zo cewa jirgin ƙasa ya kawo katako daga sansanonin da ake tura fursunoni, kuma wasu fursunonin suna sassaƙa sunayensu a jikin icen. Nino, matar Sandro, da 'yarta suka ruga tasha, suna bin gungume bayan gungume cikin laka suna neman sunan Sandro. Wata mata ta sami sunan nata, ta rungume icen tana shafa shi kamar fuskar mutum. Su ba su samu ba. Ba a nuna sansani ba, ba a nuna duka ba, kusan ba magana. A nan ne ajin yake yin tsit kowane lokaci.

Sai maganar tone gawa. Na ga ɗalibai sun ɓata fuska a kanta, wani ya taɓa ce mini ko me mutum ya yi, idan ya mutu a bar shi da Ubangijinsa. Na fahimce shi, kuma haka mutanen Jojiya suke girmama kabari. Abuladze ya san yana taɓa abin da ba a taɓawa, da gangan ya yi. Ketevan, 'yar Sandro da Nino (sunanta ɗaya da 'yar Abuladze), wadda ta girma ta zama mai tone gawar, ta gaya wa kotu cewa muddin tana raye Varlam ba zai kwanta a ƙasa ba, domin binne shi da girmamawa daidai yake da yafe abin da ya yi. Rigimar fim ɗin ba da mamacin ake yin ta ba. Da masu rai ake yi, waɗanda suka gāji gidansa da sunansa da jin daɗinsa. Abel da matarsa suka bi ta ƙarƙashin ƙasa aka ce Ketevan mahaukaciya ce. Jikan, Tornike, ya kasa ɗaukar abin da ya ji, ya harbe kansa da bindigar da kakan ya ba shi. Sai a lokacin Abel ya tone uban da hannunsa ya wurga shi daga kan dutse.

Daga nan fim ya komo da mu ɗakin girkin Ketevan, tana yin kek ɗinta kamar yadda muka same ta a farko, jarida a gefe. Ashe duk a zuciyarta abin ya gudana. Ba a tone kowa ba, ba wanda ya tuba. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta tambaya ko wannan hanya tana kaiwa majami'a. Ketevan ta ce wannan titin Varlam ne, ba ya kaiwa. Tsohuwar ta ce to mene ne amfanin hanyar da ba ta kaiwa wurin ibada, ta juya ta ci gaba da tafiya. Wadda ta fito a tsohuwar ita ce Veriko Anjaparidze, babbar jarumar Jojiya, kuma fitowarta ta ƙarshe ke nan. Mijinta, Mikheil Chiaureli, shi ne daraktan da ya yi manyan fina-finan kambama Stalin. 'Yan kallon Tbilisi sun san wannan sarai.

Inda nake da ja

Ina ƙaunar fim ɗin, amma ba na ce ba shi da aibi ba. Ya yi tsawo, ya kai sa'a biyu da rabi, kuma wasu mafarkan da alamomin sun yi yawa har suna danne labarin. Babban abin da ke damuna shi ne wannan: da ya tara sharrin a jikin mutum ɗaya mai kama da Iblis, ya sauƙaƙa wa tsarin. Jam'iyya, da ofisoshi, da dubban masu rubuta takardun tsegumi, duk sun koma inuwa a bayan Varlam. Waɗanda aka zalunta kuma kusan duk masu zane ne da masu ilimi, alhali manoma da leburori sun fi kowa yawa a cikin waɗanda aka hallaka. Habaicin da ya buɗe masa ƙofa shi ne kuma ya ba wasu damar cewa ai wani mugu ne can, ya mutu, an wuce wurin. A wannan fuska Vedreba ya fi shi tsauri, don a can babu dodo, maƙwabta ne kawai.

Hukuncina yana da iyaka. Ba na jin Jojiyanci, ta fassarar ƙasan allo na san fina-finan nan, kuma Vedreba waƙa ce daga farko har ƙarshe, wadda rabin ƙarfinta yana cikin amon baitocin. Abin da nake gaya maka na mai kallo ne daga nesa da ya daɗe yana nazarin ginin labari.

Ta ɓangaren jarumta kuwa, ga ma'aunina. Lokacin da ya fara rubutun, Brezhnev yana raye, ba wanda ya san za a yi wani Gorbachev. Mutum ne mai shekara kusan sittin, mai lambobin yabo da rufin asiri, ya sa 'yarsa da surukarsa a aikin da ya san zai iya ƙarewa a kanta ko ya jawo musu abin da ya fi haka. Bayan an kama ɗan wasansa yana da hujjar janyewa, bai janye ba.

Monanieba shi ne fim ɗinsa na ƙarshe. An zaɓe shi ɗan majalisar wakilan tarayya a 1989, shekarar da sojoji suka afka wa masu zanga-zanga a Tbilisi ranar 9 ga Afrilu. Jojiya ta ayyana 'yancinta a 1991, yaƙin basasa ya biyo baya, masana'antar fim ta durƙushe. Ya rasu a Tbilisi ranar 6 ga Maris 1994, yana da shekara 70.

Tunda rubutu kake koyo, ga aikin da nake ba ɗalibaina. Nemi Vedreba ka kalla, sannan Natvris khe, sannan ka sake kallon Monanieba. Idan ka zo fitowar gumagumai, tsayar da fim ɗin, ka ɗauki biro ka rubuta ta a takarda yadda kake jin marubucin ya rubuta ta: wa ya shigo, me ya gani, me ya taɓa, kalma nawa aka furta. Idan ka gama ka turo mini in gani.